Kundin aiki: yadda tsayuwar mutum ke shafar saurin martanin tsokokin idon sawu

12 ga Janairu

Tambayar da na ɗauko gajeriya ce. Idan ƙasa ta goce wa ƙafa ba zato, tafin ya juya ciki, shin yanayin da jiki yake a wannan lokaci yana ƙara wa tsokokin idon sawu sauri ko yana rage musu? Wanda ya miƙe sambal, da wanda ya ɗan lanƙwasa gwiwa, da wanda ya ɗora nauyinsa a ƙafa ɗaya, da wanda ke cikin tafiya, duk lokaci ɗaya tsokarsu ke farkawa?

Tsokokin da na fi sa wa ido su ne biyun nan da ke gefen ƙwauri na waje, feroniyas doguwa da feroniyas gajeriya. Igiyoyinsu na zagayawa ta bayan ƙashin idon sawu na waje su shiga ƙafa, aikinsu kuwa jan tafin ƙafa waje. Galibin targaɗen idon sawu ta hanya ɗaya yake zuwa: tafin ya juya ciki, nauyin jiki ya sauka a gefen ƙafa na waje, ɗaurin gaɓar da ke gaban ƙashin idon sawu ya miƙe fiye da kima ko ya tsinke. Waɗannan tsokoki biyu ne ke iya ja da wannan juyi. Ban da su zan ɗauki tibiyalis ta gaban ƙwauri, mai ɗaga ƙafa sama, da soliyas ta sha-raɓa, wadda ke haɗuwa da agara.

Alƙaluman da na fara da su na Lars Konradsen ne da abokan aikinsa a Danmak, a binciken da suka buga a 1997. Sun tsayar da mutane a kan katako mai faɗawa gefe ɗaya har digiri 30. Alamar lantarki ta farko a feroniyas, wadda tsoka ke fitarwa idan ta fara aiki, ta bayyana bayan kimanin milisakan 54, wato kashi 54 cikin dubu na daƙiƙa. To amma alamar lantarki daban, ƙarfi daban. Kafin tsokar ta ɗaure igiyarta har jan ya kai ga ƙashi, sai da aka ƙara wasu 72. Jimla 126 ke nan, alhali katakon ya gama faɗuwa tun wajen 80. Hukuncin da suka yanke shi ne martanin ya makara, ba zai ceci gaɓar da ta juya daidai lokacin da diddige ya taɓa ƙasa ba. Ihu ne bayan hari.

Wani na iya cewa to me ya rage a auna? Abin da ya rage shi ne wancan 54 ɗin na mutumin da ke tsaye shiru ne, ƙafafu biyu a ƙasa, yana jiran tsammani. Mutane ba a haka suke gurɗewa ba. A saukowa daga tsalle ake gurɗewa, a juyawa cikin gudu, a taka bakin matakala ana kallon wani wuri.

26 ga Janairu

Katakon gwajina ya tsaya da ƙafarsa. Falle biyu ne, kowace ƙafa da nata, kowane falle yana juyawa a kan ƙarfe ta gefen ciki, gefen waje ne ke faɗawa. Maganaɗisun lantarki ke riƙe da shi a kwance. Da an yanke masa wuta sai ya saki, fallen ya faɗa ya tsaya a kan roba mai kauri daidai digiri 30. Ba a wuce haka, don nan ne yawancin masu irin wannan gwaji ke tsayawa, ƙasa da inda gaɓa mai lafiya za ta ji rauni. Dalilin yin falle biyu shi ne kada mutum ya san wace ƙafa ce za ta tafi.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne daga ina za a fara ƙirga. Lokacin da aka yanke wa maganaɗisu wuta da lokacin da katako ya fara motsi ba ɗaya ba ne, domin ƙarfen yakan ɗan ci gaba da riƙo kafin ya saki. A ido ba komai ba ne, amma aikin da duk bambancinsa bai wuce 'yan milisakan ba, wannan ɗan riƙon kaɗai ya isa ya haɗiye sakamakon. Don haka na sa ma'aunin kusurwa a jikin ƙarfen juyawar, siginarsa na shiga na'ura ɗaya da siginar tsoka, agogo ɗaya ke ƙirga musu. Sifili shi ne inda kusurwar ta fara canzawa.

Na gwada shi da buhunan yashi kafin a sa ƙafar kowa. Gudun faɗuwar ba tsayayye ba ne: idan nauyi ya ƙaru, ko ya matsa zuwa bakin waje, fallen na saurin tafiya. Wannan zai dawo mana nan gaba, domin tsayuwa daban na nufin nauyi daban a kan fallen.

Maganaɗisun na yin "ƙas" idan ya saki. Za a toshe wa mutane kunne.

9 ga Fabrairu

Makon manna ilektrod, 'yan na'urorin da ake liƙawa a fata su ɗauki siginar lantarkin tsoka. Na bi ƙa'idar SENIAM, aikin haɗin gwiwar masu binciken Turai da ya tsara inda ake manna su a kowace tsoka, don abin da na samu ya yi magana da na sauran mutane. Tazarar milimita 20 tsakanin ilektrod biyu, a jere su bisa tsawon tsokar. Na feroniyas doguwa yana kashi ɗaya cikin huɗu na hanya daga kan ƙashin ƙwauri na waje, ɗan tudun nan na ƙasan gwiwa, zuwa idon sawu na waje. Na tibiyalis yana kashi ɗaya cikin uku daga wannan tudu zuwa idon sawu na ciki. Na soliyas yana can ƙasa, kashi biyu cikin uku daga gwiwa ta ciki zuwa idon sawu na ciki, inda ta leƙo daga ƙarƙashin babbar tsokar sha-raɓa.

Feroniyas siririya ce, maƙwabtanta kuma sun matse ta gaba da baya. Ilektrod ya goce da faɗin yatsa ɗaya, sai ya riƙa ɗauko maganar maƙwabciya. Shi ya sa bayan awo da tef nake sa mutum ya tura gefen ƙafarsa waje a kan hannuna, ina lalube da ɗaya hannun har tsokar ta kumburo a ƙarƙashin yatsuna. Sannan a aske gashin wurin, a goge da auduga mai sifirit, a bari ya bushe. Wayoyin kuma a ɗaure su da filasta a jikin ƙwauri. Wayar da ke lilo idan katako ya faɗa tana haifar da tata siginar, kuma a kan allo kamarsu ɗaya da martanin tsoka mai saurin gaske.

Ana ɗaukar sigina sau 2,000 a daƙiƙa, rabin milisakan ke nan tsakanin kowane awo da na gaba.

16 ga Fabrairu

Kwamitin da ke duba gwaji a kan mutane ya amince. Za a fara da masu lafiyar ƙafa, waɗanda ba su taɓa mummunan targaɗe ba. Tsayuwar da za a gwada: miƙewa sambal da nauyi rabi-rabi, ɗora mafi yawan nauyi a ƙafar da ake aunawa, ɗan lanƙwasa gwiwa kamar mai shirin tsalle, karkata gaba da karkata baya daga idon sawu, sai ɗaga diddige a kan guntun katako mai gangare. Tafiya sai daga baya, tana buƙatar nata shimfiɗin.

2 ga Maris

An fara da mutane, kuma jiki ya nuna ba ya son a ritsa shi.

Faɗuwar farko daban take da duk sauran. Hannuwa su watsu, kafaɗa ta ɗaga, tsokokin ƙafa huɗun su kama gaba ɗaya har da na ƙafar da ba ta faɗa ba. Zuwa can sai jiki ya gane abin ba ya kisa, martanin ya ragu ya daidaita. Masu wannan fanni sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ake ware faɗuwar farko. Ni dai ba na zubar da ita, ina ajiye ta a nata fayil, domin in akwai wadda ta yi kama da gurɗewar gaske, ita ce.

Bayan sabo sai wayo ya shigo. Mutum ya fara zame nauyinsa daga ƙafar da yake zargi, ko ya ƙanƙame yatsun ƙafa a kan katako, ko ya sunkuyar da kai yana leƙen fallen. Duk waɗannan canjin tsayuwa ne, wato ainihin abin da ake son aunawa ne ke canzawa a ɓoye. Na sa sikeli a ƙarƙashin kowane falle, ba a saki sai nauyin ya zauna inda aka ce. An manna alama a bango daidai tsayin ido. Lokacin jira da ƙafar da za ta faɗa kwamfuta ke zaɓa, ni kaina ba na sani sai na ji ƙarar, don kada motsin hannuna ya tona asiri.

Wata baiwar Allah cikin masu sa kai ta riƙa damƙe ƙarfen dafawa. Na ce mata, "Malama, saki ƙarfen, yana nan kusa in kin buƙace shi." Ta saki, sai ta koma cije haƙora. Wannan ma ba a so. Tun ƙarni na 19 likitan Hangari Ernő Jendrassik ya nuna cewa idan mutum ya sarƙe yatsun hannuwansa yana ja da ƙarfi, zaburar ƙafa na ƙaruwa. Har gobe likitoci na amfani da dabarar idan sun buga gwiwa da 'yar guduma ba ta motsa ba. Ƙanƙame hannu ko muƙamuƙi na ɗaga shirin lakar gadon baya gaba ɗaya. Yanzu hannuwa a sake suke a gefe, baki a ɗan buɗe.

Abubuwa biyu da nake rubutawa a kan kowa: tsayi da ɗumin fatar ƙwauri. Saƙo a manyan jijiyoyin ƙafa na gudun mita 50 ko sama da haka kaɗan a daƙiƙa, hanyar kuma daga ƙwauri zuwa laka a dawo ta kai mita ɗaya da rabi ga babban mutum. Milisakan 30 ke nan a tafiya kawai. Dogon mutum hanyarsa ta fi tsawo. Sanyi kuma na rage gudun jijiya da kimanin mita 2 a daƙiƙa a kan kowane digiri ɗaya da ɗumi ya sauka. Wanda ya shigo da ƙafa a sanyaye sai ya zauna ta yi ɗumi tukuna.

Wannan lissafin na milisakan 30 shi ne ginshiƙin yadda nake kallon aikin. Tsayuwa ba ta ƙara wa jijiya tsawo, ba ta rage mata. Fiye da rabin lokacin martani an riga an biya shi a hanya. Abin da tsayuwa za ta iya taɓawa ragowar ne: lokacin da tsoka ke ɗauka kafin ta miƙe har 'yan na'urorin jin miƙewa da ke cikinta su aika saƙo, da lokacin da ƙwayoyin jijiya masu tuƙa tsoka ke ɗauka a cikin laka kafin su kunnu.

18 ga Maris

Wannan shigarwar za ta yi tsawo, domin a nan aikin ya juya.

Manhajar da ke gano farkon martani ta ba da abin mamaki. A tsayuwar da aka ɗora nauyi a ƙafar gwaji, ta ce feroniyas ta fi jinkiri. Hankali bai ɗauka ba. Fallen ya fi saurin faɗuwa a wannan yanayi, tsokar kuma tana aiki tun kafin a saki. Ana ganin haka da ido: da mutum ya matsa nauyi zuwa ƙafa ɗaya, igiyar tsokar na tasowa a bayan idon sawu na waje, tana ɗan rawa, tana ja tana saki. Yaya wadda ke farke za ta makara fiye da wadda ke barci?

Amsar na cikin yadda ake gano farkon. Hanyar da aka saba ita ce a ɗauki siginar tsoka kafin faɗuwa, a fitar da matsakaicinta, a auna yadda take yawo sama da ƙasa, sannan a ja layi a sama da matsakaicin da ninki biyu ko uku na wannan yawo. Inda sigina ta fara haye layin ta zauna, nan ne "farko". Idan tsoka na hutawa, siginar kwance take, layin na nan ƙasa-ƙasa, ɗan motsi kaɗan ya isa a haye shi. Idan kuwa tsoka na aiki, siginar na hawa da sauka, layin ya tashi sama. Martanin na iya farawa a lokaci ɗaya sak, amma sai ya ɗau ƙarin lokaci yana hawa kafin ya kai layin da aka ɗaga masa. Jinkirin ba a tsoka yake ba, a ma'auni yake.

Paul Hodges da Bang Bui sun kwatanta ire-iren waɗannan hanyoyi na kwamfuta a 1996, suka nuna cewa lokacin da ake samu na canzawa gwargwadon tsayin layin, da yadda aka tace siginar, da yawan aikin da tsoka ke yi tun farko. Tacewar ma nata ɓarnar daban. Mataci mai bi ta gaba kawai yana jinkirta sigina. Wanda ke bi gaba ya dawo baya ba ya jinkirtawa, amma yana shafa gefen martanin zuwa baya, har ya zama kamar ya fara kafin lokacinsa.

Ga binciken da ke kwatanta mutum biyu a tsayuwa iri ɗaya, wannan matsala ƙarama ce. Ga nawa kuwa, ita ce tsakiyar magana, tunda kowace tsayuwa da nata aikin tsoka na ƙasa. Duk wanda ya kwatanta tsayuwa da tsayuwa da layi mai bin siginar hutu, rabin abin da yake aunawa layinsa ne. A ganina wannan na cikin dalilan da suka sa alƙaluman da aka buga na lokacin feroniyas suka warwatse, daga wajen milisakan 50 har zuwa 90, ga kuma bambancin katako da gudun faɗuwa.

Abin da na tsayar: za a riƙa gano farkon ta hanya uku a ajiye su gefe da gefe. Ta farko layin da aka saba, don kwatanci da aikin wasu. Ta biyu layi ɗaya tak ga kowane mutum, wanda ba ya canzawa da tsayuwa. Ta uku ido: a jera faɗuwa da yawa na tsayuwa ɗaya a kan sifili ɗaya, a haɗa su a fitar da matsakaici. Yawon da ba shi da alaƙa da faɗuwar yakan kashe juna, martanin ya fito fili. Abokin aikina zai yi wa layukan alama ba tare da ya san wace tsayuwa ce ba. Da aka bi ta hanya ta biyu da ta uku, jinkirin da manhaja ta nuna ya ɓace.

30 ga Maris

Gwiwa da karkata.

Mutumin da ke tsaye shiru ba a kan idon sawu nauyinsa ke sauka ba, yana sauka ne 'yan santimita a gabansa. Kullum jiki na son faɗawa gaba, soliyas ce ke riƙe da shi ta baya. Shi ya sa layinta a allo ba ya kwanciya muddin mutum na tsaye, tibiyalis kuwa shiru. Da an ce ya karkata gaba sai soliyas ta ƙara murya. A ce ya karkata baya har nauyi ya koma diddige, soliyas ta yi tsit, tibiyalis ta kama, igiyarta ta fito raɗau a gaban idon sawu, yatsun ƙafa su ɗaga. Canjin kusurwar kaɗan ne, amma tsokar da ke gadi ta sauya gaba ɗaya.

Lanƙwasa gwiwa na sassauta gastroknimiyas, babbar tsokar sha-raɓa, domin ta haye gwiwa ta kama ƙashin cinya. Soliyas ba ta haye ba, a ƙwauri ta tsaya, don haka aikin ya koma kanta, ga shi kuma ƙwauri ya karkato gaba ya ƙara miƙe ta. Wannan karkatowar na danna faffaɗan gaban ƙashin da ƙwauri ke zaune a kai cikin gurbinsa, gaɓar ta ƙara matsewa. A faɗuwar wannan tsayuwa ina ganin gwiwa da ƙugu na shanye wani ɓangare na motsin, jiki ba ya zubewa gefe kamar na wanda ya miƙe ƙiƙam.

Na koma kan aikin Fay Horak da Lewis Nashner na 1986. Su ba karkatar da ƙasa gefe suka yi ba, jan ta suka yi gaba ko baya. A faffaɗan wuri martani na farawa daga tsokokin idon sawu, tsakanin milisakan 73 zuwa 110, ya hau zuwa cinya, sannan gangar jiki. Da suka tsayar da mutane a kan siririn katakon da bai kai tsawon tafin ƙafa ba, sai jiki ya bar idon sawu ya koma gyara da ƙugu. Lokacin farawa bai yi wani canji ba. Abin da ya canza shi ne wa aka kira da kuma a wane jeri. Layukana na tafiya a wannan hanya: farkon martani na motsi kaɗan tsakanin tsayuwa da tsayuwa, girmansa da rabonsa tsakanin tsokoki kuwa na canzawa sosai.

13 ga Afrilu

Ɗaga diddige. Wannan ce tsayuwar da ake dangantawa da targaɗe tun da daɗewa, kuma akwai dalili a ƙashi. Ƙashin da ƙwauri ke zaune a kai faffaɗa ne ta gaba, siriri ta baya. Idan ƙafa ta nuna ƙasa, kamar mai ɗage ko mai dogon takalmi, siririn ɓangaren ne ke cikin gurbi, gaɓar ta yi sako-sako, ɗaurin gaba na waje kuma ya miƙe yana jiran abin da zai ƙarasa shi.

Scott Lynch da abokan aikinsa a Amurka sun gwada wannan a 1996. Sun juya ƙafa da gudu biyu, digiri 50 da digiri 200 a daƙiƙa, ƙafa a kwance da kuma a nune ƙasa da digiri 20. Juyi mai sauri ya jawo martani da wuri, nuna ƙafa ƙasa kuwa ya jinkirta feroniyas. Fahimtata ita ce feroniyas na cikin masu taimakawa wajen nuna ƙafa ƙasa, don haka a wannan yanayi ta ɗan saki, sai juyin ya cinye sakin kafin ta ji an ja ta. Konradsen ma ya ga makamancin haka ta wata fuskar: ƙafar da ta riga ta ɗan juya ciki kafin a saki katako, martaninta ya fi zuwa da wuri.

Sai dai ba kowane targaɗe ke bin littafi ba. A 2009 Daniel Fong da abokan aikinsa a Hong Kong sun buga labarin wani ɗan wasa da ya gurɗe bisa tsautsayi a ɗakin gwajinsu, kyamarori na ɗauka. Juyin ya kai digiri 48 a kashi biyu cikin goma na daƙiƙa bayan taka ƙasa, ƙafar kuma ba a nune ƙasa take ba.

Guntun katakon na kawo tasa rigimar. Da an ɗaga diddige, mutum na gyara ƙugu da baya don kada ya faɗa gaba, nauyi ya koma kan yatsu. Ba kusurwar idon sawu kaɗai ta canza ba. Na ƙara alamomi a ƙugu da kafaɗa ana ɗauka da kyamara daga gefe.

27 ga Afrilu

Ban taɓa katako ba wannan makon, karatu na yi a kan martanin H, wanda aka sa wa harafin sunan Paul Hoffmann na Jamus da ya bayyana shi a 1910. Maimakon a miƙe tsoka, sai a ɗan taɓa jijiyar bayan gwiwa da lantarki, saƙo ya je laka ya dawo soliyas cikin kimanin milisakan 30. Tunda an tsallake tsoka da gaɓa, abin da ake gani halin laka ne zalla. Lokacinsa kusan ba ya motsi. Girmansa ne ke hawa da sauka.

Charles Capaday da Richard Stein a Kanada sun nuna a 1986 cewa ko da aikin soliyas ɗaya ne, martanin ya fi ƙanƙanta a tafiya fiye da a tsaye, kuma yana canzawa a cikin taku ɗaya: babba lokacin da ƙafa ke ƙasa tana turawa, kusan babu lokacin da take sama. A 1990 Llewellyn da Yang da Prochazka suka ga ya ƙara raguwa idan mutum na tafiya a kan siririn katako. David Koceja da abokan aikinsa kuma sun ga matasa na rage shi idan sun tashi daga kwance zuwa tsaye, tsofaffi kuwa ba sa ragewa haka.

Da farko abin kamar a juye yake: tsayuwa na ƙara wuya, jiki na rage zabura. Amma zabura mai ƙarfi a kan ƙafa ɗaya na iya wuce gona da iri ta jefar da mutum ɗaya gefen. Laka na danne saƙon tun a bakin shigarsa, ta bar wa ƙwaƙwalwa ragamar. Ke nan "sauri" da "girma" ba koyaushe ne alheri ba, kuma duk rahoton da zan rubuta ba zai jera tsayuwa daga mai kyau zuwa maras kyau bisa milisakan kaɗai ba.

11 ga Mayu

An fara shimfiɗa hanyar tafiya: dogon dandamali mai fallaye da yawa iri ɗaya, wasu na faɗawa, wasu a kulle, duk an rufe da shimfiɗa ɗaya don ido kada ya bambance.

Ty Hopkins da abokan aikinsa a Amurka sun kwatanta tsaye da tafiya a 2007. Feroniyas doguwa ta amsa a wajen milisakan 74 a tsaye, a tafiya kuwa wajen 57. Tazarar nan ta fi duk abin da nake gani tsakanin ire-iren tsayuwar wuri ɗaya. A tafiya nauyin jiki gaba ɗaya na sauka a ƙafar da gudu, tsokoki kuma sun kunnu tun ƙafar na sama. Haka a saukowa daga tsalle: tsokokin ƙwauri na kamawa kimanin milisakan 100 kafin a taɓa ƙasa, bisa hasashen da ƙwaƙwalwa ta yi na nisa da lokaci. Tsokar da ta riga ta ɗaure ba ta jiran saƙo ya je laka ya dawo, taurinta na tare juyi tun daga milisakan na farko, kuma waɗancan 72 na jan igiya sun ragu tunda igiyar a ɗaure take.

Saboda haka na ƙara abin aunawa. Ban da lokacin farawa, za a riƙa fitar da yawan aikin kowace tsoka a milisakan 100 na kafin faɗuwa, da kusurwar idon sawu a daidai lokacin da diddige ya sauka, da gudun juyin ƙafar kanta, ba na katako ba. Na ƙarshen na buƙatar ƙaramin ma'aunin juyi a bayan diddige, domin diddige na iya ɗagowa daga fallen, katako ya kai digiri 30 alhali gaɓar ba ta kai ba.

25 ga Mayu

Matsalar hanyar tafiya tsawon taku ne. Mutane na gyara takunsu don su sauka a tsakiyar falle, wanda ke gyara taku kuwa ya riga ya shirya. Yanzu kowa na yin tafiyarsa ta yau da kullum a kan hanyar a kulle, a auna takunsa, sannan a matsa masa layin farawa yadda ƙafar za ta faɗa kan fallen da kanta. Zagayen da ba a sakin komai sun fi waɗanda ake saki yawa.

An miƙa wa kwamiti buƙatar ƙara rukuni na biyu, masu ƙafar da ke yawan gocewa bayan tsohon targaɗe. Tun 1965 Michael Freeman a Ingila ya kawo ra'ayin cewa rauni na lalata jijiyoyin jin matsayi da ke cikin gaɓa, ya kuma ba da shawarar atisayen tsayuwa a kan katako mai lilo. Konradsen da Ravn sun sami jinkirin kimanin milisakan 15 a feroniyas ta irin waɗannan mutane, wasu binciken da suka biyo baya sun samu, wasu ba su samu ba. Kyung-Min Kim da abokan aikinsa sun nuna a 2012 cewa masu wannan matsala ba sa rage martanin H yadda ya kamata idan an tashi daga ƙafa biyu zuwa ƙafa ɗaya. Wannan ne ya sa nake son ganin su a tsayuwa daban-daban, ba a guda ɗaya ba. Ga wannan rukuni za a rage faɗuwar zuwa digiri 20 a zagayen sabo, a sa musu ɗamarar da ke rataye daga sama, kuma ƙafar da ba ta taɓa rauni ba ce za a fara aunawa.